Waƙa Biyu da Rabi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da adabin baka a wannan jami'a kafin ranar da wata ɗaliba 'yar aji biyu ta tona mini asiri, alhali kuwa ba ta yi niyyar hakan ba. Wata Talata ce a ƙarshen shekarar 2021, muna nazarin Bakandamiyar Ibrahim Narambaɗa. Kamar yadda na saba, na zo da waƙar a cikin wayata, na haɗa ta da 'yar ƙaramar lasifika, to amma tun kafin makaɗin ya gama shimfiɗa gindin waƙarsa sai wayar ta mutu, ga shi kuma tun safe babu wutar lantarki a ginin. Ina cikin laluben abin da zan cike sauran lokacin da shi, sai yarinyar nan ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce, "Malam, ai ba sai an jira waya ba. Ka rera mana da bakinka mana."

Na gyara murya na fara. Gindin waƙar ya zo lafiya lau, ɗa na farko ya biyo shi da ɗingishi, na biyu kuwa sai na ji ya sarƙe da wani ɗa na wata waƙa dabam, daga nan kuma hanya ta ɓace mini ɗungurungum. Ɗaliban ba su yi dariya ba, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Shiru suka yi irin na kunya, kowa ya sunkuyar da kai a kan littafinsa. Ni ne fa wanda ya rubuta kundin digiri na uku mai shafi fiye da ɗari uku a kan sarrafa harshe a waƙoƙin makaɗan fada. Na feɗe wannan waƙa gaɓa-gaɓa, na ƙidaya kamancenta da siffantawarta, na yi jayayya da manyan malamai a kan ma'anar wasu kalmominta, amma ga shi an ce in kawo ta ɗungurungum na kasa. A ranar na gane cewa duk abin da na sani game da waƙa yana cikin aljihuna ne, kuma caji ke riƙe da shi.

Kafin in ci gaba, ya kamata mai karatu ya san gidan da na fito, domin a can ne tushen maganar yake. Ni ɗan gidan malamai ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, makarantar allo gare shi a wani ƙauye na ƙasar Katsina, kuma a zaurenmu sautin da aka sani shi ne na tilawa. Kowa ya san inda al'adar Bahaushe ta ajiye makaɗi: ana son kiɗansa, ana yi masa kyautar riga da doki, amma ba kowane gida ke son haɗa zuri'a da shi ba. Tun a 1957 M. G. Smith ya yi rubutu a kan roƙo da matsayin maroƙa a ƙasar Hausa, kuma abin da ya gani bai gushe ba har gobe. Shi kansa Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba digirin girmamawa a 1988, sai da ya sha fama da mahaifinsa kafin ya rungumi waƙa, domin ba gadon gidansu ba ce. Saboda haka ni a ɓoye na so waƙa. Rediyon Kaduna nake maƙalewa a kunne da dare, daga baya kuma na riƙa sayen kaset da kuɗin tara. Da na shiga jami'a sai na samu wata kafa mai mutunci, wato nazari. Mai nazarin waƙa malami ne, babu mai ce masa maroƙi. Na yi shekara ashirin a bakin wannan kogi ina auna zurfinsa da sanda, ban taɓa jiƙa ƙafata ba.

A watan Fabrairun 2022 malaman jami'o'in ƙasar nan suka shiga yajin aikin da ya ɗauki wata takwas. Zaman gida ya ishe ni, sai na riƙa sauka Sabo da yamma, unguwar da aka keɓe wa Hausawan Badun tun 1916, wadda fataucin goro da na shanu suka raya. Akwai wani tela da nake kai wa ɗinki, mutumin kirki mai yawan raha. Wata Asabar na same shi ya ture keken ɗinki gefe yana ƙyasta wani kuntigi da ya haɗa da kansa da gwangwanin kifi da fatar akuya da tsirkiya guda, a gefensa kuma ga wani dattijo rungume da tsohon kalangu yana yi masa gyara. Dattijon nan tsohon mahauci ne, mutumin ƙasar Zamfara, wanda ya biyo shanu zuwa Kurmi tun yana saurayi, ya yi aure ya hayayyafa a nan. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka zan kira shi a wannan rubutu. Kalangu dai, kamar yadda aka sani, asalinsa kiɗan mahauta ne. Baba ya ce yana yaro shi ke riƙe wa makaɗin mahautan garinsu kurkutu, su zaga gari a jajibirin kasuwa don jama'a su san an samu sa mai ƙiba, kowane mahauci kuma da takensa.

Na zauna a kan benci na saurare su har aka kira magariba. Asabar ta gaba na dawo, na kuma jawo wani ɗalibina mai digiri na biyu. Ba a jima ba wani yaro mai gyaran waya a shagon da ke kallon na telan ya shigo cikinmu. Wannan yaro yana da dubban waƙoƙi a cikin kwamfutarsa, yana tura wa mutane a waya suna biyansa, amma da Baba ya ce ya kawo guda ɗaya daga farko har ƙarshe, sai ya zama ɗan'uwana a cikin kunya. Mu biyar ke nan, babu wanda kiɗa ke ciyar da shi a cikinmu, babu kuma wanda ya gaje shi.

Baba ne ya shimfiɗa mana ƙa'idoji uku. Ta farko, kowa ya saurari abin da zai saurara a gidansa cikin mako, amma in an zo zama sai a tara wayoyi a zuba a aljihun teburin tela. Ta biyu, ba za mu karɓi ko kwabo daga hannun kowa ba, kuma ba za mu wasa wani mai rai don ya ba mu ba. Ta uku, waƙa ba ta shiga abin da ya kira rumbunmu sai mun yi ta Asabar uku a jere, daga gindi har tiƙewa, ba tare da an tsaya ana kallon juna ba. Muka sayi ƙaramin littafi na 'yan makaranta, muka ce sunan waƙa kaɗai za a rubuta a ciki, sai kuma ranar da ta shiga rumbu.

Da waƙar Karen Mota ta Ɗan Maraya Jos muka fara, bisa zaton cewa abin da ke da tsirkiya ɗaya ba zai yi wuya ba. Mako shida muka yi a kanta. Ni kuwa na je da halina na ɗan boko: na zauna na rubuce baitocin tsaf a takarda, na sa musu lamba, na riƙa haddace su kamar mai shirin jarrabawa. A ɗakina ina kawo su babu tuntuɓe, amma da zarar kiɗa ya tashi sai su watse kamar an jefa dutse cikin garken tsaki. Baba ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Dakta, kai da ido kake riƙe waƙa, ita kuwa ba ta san ido ba. Ajiye takardar nan. Wanda bai iya karɓi ba, ba ya jagora." Daga ranar ya ɗora ni a kan amshi da kurkutu. Wata uku cur ina maimaita gindin waƙa a bayan tela, ni da nake tsayawa gaban ɗalibai ɗari ina yi musu bayanin mene ne gindin waƙa.

A cikin waɗannan watanni uku na koyi abin da ban samu a ɗakin karatu ba. Littattafanmu, irin su Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau wanda ya fito a 1993, sun bayyana mana gindi da ɗiya da amshi da karɓi, kuma bayaninsu daidai ne. Abin da sai mai yi yake ganewa shi ne amfanin kowannensu ga ƙwaƙwalwa. Gindin waƙa tamkar gida yake: duk inda jagora ya yi yawo, nan yake dawowa ya huta. A daidai lokacin da 'yan amshi ke karɓa, shi kuma yana numfasawa yana laluben ɗan da zai biyo baya, ashe amshi rance ne na lokaci da ake ba jagora. Haka kuma kiɗan da kansa yana tuna wa mutum kalma. Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, shi kuwa kalangu idan aka matse tsirkiyoyinsa a hammata sai muryarsa ta hau, in aka sassauta ta sauka. Sau da yawa nakan manta farkon ɗa, sai Baba ya kaɗa mini hawa da saukar kalmomin, kafin in ankara bakina ya riga ya furta su. Ranar da fatar kalangun ta yage, wani Bayarabe daga zuriyar Ayan, wato gidan da suka gaji kiɗan dundun da gangan, shi ya sake mana ita. Da ya gama sai ya gwada ta da karin harshensu mai hawa uku, Baba ya karɓa ya mayar masa da namu, suka yi ta dariya, kowa ya ji ganga ta yi magana da bakin da bai saba ba.

Da muka taɓa Bakandamiyar Shata sai wata sabuwar rigima ta taso. Tela ya haddace ta daga wani kaset, yaro mai waya daga wani ɗauka na talabijin, ni kuma daga wani na rediyo, muka zo kowa na cewa ɗan'uwansa ya yi kuskure. Da muka koma gida muka saurari na juna, sai muka tarar babu wanda ya yi kuskure a cikinmu. Shata ne bai taɓa yin ta iri ɗaya sau biyu ba. Yakan gabatar da wani ɗa, ya jinkirta wani, ya ƙara sabo gwargwadon wuri da mutanen da ke gabansa. Na sha koyar da ra'ayin Milman Parry da Albert Lord, waɗanda suka nazarci mawaƙan baka na ƙasar Yugoslabiya tun a shekarun 1930, har Lord ya fitar da littafinsa a 1960 yana nuna cewa mawaƙin baka a kan ƙafa yake sake gina waƙarsa duk lokacin da ya tashi yin ta. Na sha ba da maki a kan wannan bayani, amma sai a shagon tela na yarda da shi har zuciya. Muka daidaita a kan cewa za mu riƙe gindi daram, mu riƙe kowane ɗa da kyau, jerin kuwa a bar wa jagora. Waƙoƙin fada ba su ba mu wannan sarari sosai ba. Na Narambaɗa da na Musa Ɗanƙwairo saƙa ce ta mutane da yawa, jagora ya ɗauko zance 'yan karɓi su ƙarasa masa, kowa da gurbinsa, in mutum ɗaya ya yi jinkiri sai ginin ya rushe. Ga kuma Sakkwatanci da ya riƙa karya mana harshe, mu mutanen gabas, Baba yana gyara mana lafazi yana cewa mun mayar da zuma ruwan sanyi. Da fari ma ƙi ya yi, ya ce waƙar kotso ba a yi mata kalangu. Da ƙyar ya yarda muka yi Dokin Iska da tafi da kurkutu, bisa sharaɗin mu riƙa tunawa cewa aro muke yi. Akwai kuma waƙoƙin da muka haɗu a kan barinsu, irin na mashaya da masu zambo mai muni, ko da kuwa kiɗansu ya fi na kowace daɗi.

Lokacin da aka janye yajin aiki a watan Oktoba muna da waƙa bakwai a littafi, muna ta alfahari. Wata Asabar Baba ya ce a koma ta farko. Sai ga Karen Mota, wadda muka yi wa wahalar mako shida, ta zama kango: rabin ɗiyanta sun zube ba mu sani ba. Ashe rumbun namu yana da gara. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan. Tun a 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a kwanakin farko, sai in ana waiwayarsa a kan kari. Amma ni ba wurin Bajamushe na samo maganin ba, zauren mahaifina na tuna. Ba ina kwatanta waƙa da Littafin Allah ba ne, nesa ba kusa ba. Dabarar tsare abu a ka kawai nake nufi. A zaurenmu ba a taɓa barin ƙarin sabon karatu ya cinye tilawar na baya ba, kowanne da lokacinsa. Na kawo wannan shawara, muka raba zamanmu kashi uku: mu buɗe da tsofaffin waƙoƙi biyu bi da bi, mu taɓa wadda ta shiga rumbu kwanan nan, sa'an nan mu ƙarasa da sabuwa. Tafiyar ta ragu ƙwarai, har wata biyu kan wuce ba mu ƙara ko ɗaya ba, amma sannu ba ta hana zuwa.

Ana nan sai wani mai wucewa ya ɗauke mu da wayarsa ta tagar shago ba mu sani ba. Hoton ya yi ta yawo a WhatsApp har ya isa ƙauyenmu. Da daddare yayana, wanda ya gaji zauren mahaifinmu, ya kira ni. Bayan gaisuwa ya ce, "Wai abin da aka nuna mini gaskiya ne? Kai ne da ganga a tsakanin ƙafafu?" Na ce, "Ni ne, Yaya, amma ba roƙo muke yi ba. Ko sisi ba mu karɓa, kuma yana cikin aikina." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Wanda ya gani daga nesa ya san ba ka karɓa? Kana da 'ya'ya mata, ka tuna. Gidan nan da allo aka san shi." Ban iya ba shi amsa ba, domin ta wata fuskar gaskiya ya faɗa, ba shi ya ƙirƙiro idon jama'a ba. Ban daina zuwa Sabo ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba, har yau kuma in mun yi waya mukan zagaye ta kamar yadda ake zagaye rijiya da dare. Sai dai tun daga ranar na zama mafi tsanani a cikinmu game da ƙa'idar waya. Ni na sa aka rataya labule a tagar.

A cikin shekararmu ta biyu ne Baba ya fara fito mana da abin da ya fi kome daraja. Waƙoƙi uku ne na maigidansa, makaɗin mahautan nan, waɗanda ba a taɓa ɗauka a kaset ko a gidan rediyo ba. Ta farko ta Sarkin Fawan garinsu ce, tana jero mahautan garin gida-gida. Ta biyu ta jajibirin kasuwa ce, gajera mai zafin kiɗa. Ta uku kuwa doguwa ce ƙwarai, ta masu koro shanu a ƙasa zuwa Kurmi tun kafin manyan motoci su karɓe aikin. Zango-zango take tafiya, kowane zango da ɗansa: inda ruwa ke da daɗi, inda ɓarayi ke tare hanya, inda ƙudan tsando ke kashe dabba, wane ne mai masauki, wane ne ya mutu a hanya aka binne shi a nan. Baba ya ce ta Kwantagora da Mokwa take bi, ta ƙetare Kwara a Jebba, ta ratsa Ilori da Ogbomosho da Oyo, ta sauke a Badun. Da na ji ta sai tsigar jikina ta tashi, domin tarihin fatauci ne guda wanda ban taɓa gani a rubuce ba.

Ɗalibina ya same ni a ofis ya ce, "Malam, waɗannan ukun fa ba su da wani gida sai kan Baba. Ka bari in ɗauke su ko sau ɗaya ne, mu ajiye." Na hana shi. Na yi masa dogon jawabi a kan cewa ɗauka ita ce ta kashe mana ƙwaƙwalwa, kuma in muka san suna cikin waya ba za mu taɓa haddace su ba. Ya yi shiru irin na ɗalibi, ya ce to. Yau da nake wannan rubutu tilas in faɗi abin da ban faɗa masa ba. Ba kishin hadda ne kaɗai ya hana ni ba. Baba ba ya iya yin waƙar sai da amshi, muryata kuwa tana cikin amshin, ni kuma ina tsoron kada wani abu ya sake isa ƙauye. Na ɗauki tsorona na sa masa rigar ƙa'ida, kuma da yake ni malami ne, rigar ta zauna masa daidai.

Muka haddace ta farko da ta biyu, suka shiga rumbu. Ta uku muka riƙa bin ta a hankali, zango ɗaya ko biyu a wata, domin Baba ba ya ƙara mana sabo sai na baya ya zauna. A daminar 2024 muka iso bakin Kwara. Asabar ɗin da za mu ƙetare, muka jira Baba har isha'i bai zo ba. Washegari aka gaya mana ya faɗi a banɗaki da asuba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke.

Bayan an sallamo shi daga asibiti muka je gaishe shi, wannan karon da waya a hannuna, a buɗe, ba kunya ba tsoro. Likitoci sun san cewa wani lokaci wanda irin wannan ciwo ya hana wa magana yakan iya rera abin da ya kasa faɗa, saboda haka muka je da ɗan guntun fata. Tela ya ɗauki kalangun ya kaɗa a hankali, muka ɗauko waƙar tun daga zangon farko. Da muka zo gindi sai ga leɓen Baba yana motsi, sai ga murya ta fito, kalmomin nan sarai, mutumin da ya kwana goma sha biyu bai iya kiran sunan matarsa ba. Matar tasa ta fashe da kuka ta bar ɗakin. Muka bi zangunan nan ɗaya bayan ɗaya yana karɓa tare da mu, har a wani wuri da na yi tuntuɓe ya bugi katifa da hannun hagu, alamar in sake. Da muka iso Jebba muka yi shiru, muka bar masa fili, kiɗa yana tafiya. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa. Gindin ya dawo masa, amma ɗan da ke bayansa bai zo ba. Sau uku muna komawa a ranaku dabam-dabam, a nan muke tsayawa. Daga baya 'ya'yansa suka mayar da shi gida Zamfara, bayan wata huɗu kuma aka aiko mana da rasuwarsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ɗalibina ya yi tattaki har garin nasu da kuɗin aljihunsa. Ya tarar makaɗin mahautan ya rasu tun da daɗewa, 'ya'yansa babu wanda ya ɗauki kalangu, mahautan yanzu kuwa ba a yi musu kiɗan jajibiri. Ya samu tsofaffi biyu da suka tuna an taɓa yin waƙar, ɗaya ma ya kawo gindinta, amma babu wanda ya wuce nan. Da ya dawo bai ce mini kome ba game da ranar da na hana shi, ni ne na kira shi na ba shi haƙuri. Awa ɗaya tak ta ishe mu a lokacin da Baba ke da lafiya. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa da nake koyar da karin magana sai da na jira ranar tafiyar.

Ban fito daga wannan al'amari da ƙin hadda ba, ban kuma fito da ƙin na'ura ba. Da ba mu haddace ba, da babu abin da zai buɗe bakin Baba a kan gadon jinya, domin muryoyinmu ya bi, kuma waƙar da ke kwance a waya ba ta san lokacin da za ta jira mai rauni ba. Da kuma mun ɗauka, da yau shanun nan sun iso Badun. Kowanne da aikinsa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka yanzu duk ɗalibin da ya zauna a ajina na adabin baka, aikin hutunsa guda ne: ya nemi tsoho ko tsohuwa a gidansu ko a unguwarsu, ya roƙi waƙa ɗaya, ta daka ce ko ta niƙa, ta reno ko ta noma ko ta gaɗa, ya ɗauke ta da izinin mai ita, ya rubuta sunan gari da rana, sa'an nan ya zo ya rera mana ita a aji wayarsa tana kan teburina. Wasu sukan yi gunaguni, wasu sukan ji kunya kamar yadda na ji, amma a zangon karatun da ya wuce wata yarinya haifaffiyar Sabo ta kawo waƙar daɓe ta kakarta, aji ya karɓa mata, aka tashi kowa yana rera ta a kan matakala.

Mu huɗu da muka rage muna nan muna haɗuwa kowace Asabar bayan la'asar, kuma na sa an cire labulen. A littafinmu akwai waƙa goma sha tara, cikinsu har da Bakandamiyar Narambaɗa, wadda na samu na rera wa ɗalibai bara, ko da yake yarinyar da ta fara tambaya ta riga ta gama ta tafi. Na Baba mun ɗauke su yanzu da muryoyinmu, mun ajiye a wuri uku. A shafin ƙarshe tela ya rubuta su da hannunsa: biyu da ranar shigarsu rumbu, ta uku kuwa babu rana a gabanta. An taɓa ba ni shawarar in ƙarasa ta da kaina, tun da na san hanyar a taswira kuma na san ƙirar ɗiyanta, amma ban san wanda ya mutu a Ilori ba, ban san rijiyar da suka sha a Oyo ba, ba zan kuwa ɗora wa mamaci ƙarya ba. Mukan yi ta duk wata sau ɗaya don kada gara ta shige ta. In mun iso Jebba sai mu yi amshi na ƙarshe, tela ya ci gaba da kiɗa shi kaɗai na ɗan lokaci, sa'an nan ya sassauta tsirkiya, mu tashi mu yi alwala.